Ɗibar Wuta

Ni ba dakta ba ne.
Shekara talatin da ɗaya ina wanke mata faranti,
na gilashi, masu murfi, waɗanda ba a cin tuwo a ciki.
Hannuna ya san Dakta Tabawa
fiye da takardun da aka rataya a bango.

'Yar marini ce, daga Ƙofar Mata.
Tun tana riƙe wa babanta muciya take tambaya:
baba da toka da katsi da ruwa,
wa ke shiga cikinsu da dare ya tashe su?
Baban ya ce, karofi rai gare shi, ƙyale shi ya yi barci.
Ba ta ƙyale ba.
Ta ɗebi ruwan a kwalbar turare,
ta bi shi har ƙasar da rana ke rowa,
ta dawo da amsa a ƙarƙashin madubi:
akwai ma'aikata a ciki, ba ido, ba suna,
ɗaya kan tsage ya zama biyu kafin shayi ya huce.

Ɗakinmu na bayan asibiti, dab da igiyar shanya.
Ran nan ta aike ni Kantin Kwari,
karan-miski yadi biyu.
Mai shago ya ce, biki za a yi?
Na ce, ƙwayoyi za su hau.
Muka yanka, muka dafa shi kamar ganda,
tana danna shi kan wannan faranti, ta danna kan wancan,
gari guda ya tashi, kowa da gurbin gidansa.

Shekarar da taifot ya daina jin magani,
ni ke zuwa Jakara da kwalba, na toshe hanci.
Wata bakwai tana ƙirga ɗigo.
Wata Laraba, bayan la'asar, ta ce,
Ɗan'azumi, ajiye soson nan, zo.
Ba daga uwa kaɗai suke gado ba.
Wannan da ba ya cutar kowa
shi ke miƙa wa mugun sirrin taurin kai,
ta kan katanga,
yadda Inna ke aika ni da kasko ɗibar wuta a maƙwabta.
Na leƙa. Ban ga komai ba sai ɗigo.
Amma na ga hannunta na rawa.

Da takardar ta fito daga Turai,
sunanta ne na uku,
bayan mutum biyu da ba su san warin Jakara ba.
Ta karanta har ƙarshe, ta gyara waƙafi ɗaya da biro,
ta ninke, ta tokare ƙafar teburin da ke gilgiɗi.

Sai aka ɗauke wuta kwana tara.
Janareto ya yi tari, ya mutu.
Kwalba ɗari huɗu a firiji, aikin shekara ashirin.
Muka turo ƙanƙara a baro tun daga Sabon Gari,
tana narkewa muna gudu.
Sittin da uku suka rayu.
Ba ta yi kuka ba, a gabana dai.
Ta ce in ba ta alli,
ta rubuta ɗaya a jikin allo.

Ɗalibanta yanzu manya ne, wasu da direba.
Da idonta ya dushe, ni ke faɗa mata:
wannan fari ne, bakinsa a tsattsage, wancan kamar tsatsa.
Sai ta ce, madalla, suna nan.

Da damina ta rasu.

Jiya jikana ya sayo kafso biyu a kemis,
ya ce in zazzaɓin ya sauka shi ke nan.
Na ce zauna, Ɗantala.
Na nemi kalmominta, ban samu ba.
Sai na ɗauko kasko.